Yadda Ake Kashe Kyandir a Ɗaki Ba Hayaƙi, Ba Fargabar Gobara

Ko gidan da yake da fitilar caji da ta sola, da wuya ki buɗe durowa ki rasa kyandir. Ranar da aka kwana biyu ba a kawo wuta ba, caji ya ƙare, hadari kuma ya hana sola shan rana, shi ake komawa. Ga kuma kyandir mai ƙamshi na cikin gilashi da amare ke jerawa yanzu kusa da kaskon turaren wuta. Kunnawa kowa ya iya, har yaro. Kashewar ce ake yi wa riƙon sakainar kashi: a hure shi daga nesa, a juya baya, a haye gado.

Ina jegon ɗana na biyu aka ɗauke wuta wani dare. Na ɗiga ruwan kyandir a kan kujerar roba na kafa shi, da niyyar ina gama shayarwa zan kashe. Barci ya sace ni. Ƙaurin roba ne ya tashe ni, na tarar kyandir ya cinye har gindi, kujerar ta huje tana ɗigar da wuta a kan ledar ɗaki, tsakaninta da gidan sauron da jaririna ke ciki bai fi taku biyu ba. Allah ya tsare. Amma tun daga daren na daina ɗaukar kashe kyandir ƙaramin abu, kuma duk yarinyar da ta zauna a hannuna sai na koya mata abin da zan koya miki yanzu.

Addini ma ya riga ya ja mana kunne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare, da aka ba Manzon Allah (SAW) labari sai ya ce wannan wuta abokiyar gabarku ce, idan za ku yi barci ku kashe ta. A hadisin Jabir kuma an faɗi dalili: ɓera na iya jan lagwanin fitila ya ƙone mutanen gida.

Kayan da za ki tanada

Kusan duka suna nan a gidanki, ba sai kin je kasuwa ba.

- Mazauni. Farantin tangaran ko na silba mai faɗi, ko gwangwanin madara da aka cika da yashi aka soka kyandir a ciki. Ni na fi yarda da gwangwanin yashi: yana da nauyi, ba ya kifewa, kuma ko kyandir ya ci har ƙasa yashi zai tarar. Kwalbar lemo da mutane suka saba da ita ba na sonta, hannu kaɗan zai ture ta, kuma idan wuta ta iso bakinta tana iya tsagewa. Roba, katako, kwali, kan talabijin da allon gado, babu ɗaya da ya zama wurin kafa kyandir.
- Abin dulmuya lagwani. Kibiyar tsifar kai ta ƙarfe da aka goge mai daga jikinta, ko doguwar ƙusa, ko waya mai kauri da kika lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya.
- Abin kifewa. Ƙaramin gwangwanin tumatir da aka wanke, ko kofin silba, ko babban cokalin ƙarfe. Idan gwangwani ne, ki naɗa masa waya ta zama mariƙi. Masu sayar da kyandir mai ƙamshi kan sayar da wani ƙarfe mai kama da 'yar ƙararrawa da dogon hannu, aikinsu ɗaya da gwangwanin.
- Almakashi, ko abin yanke farce, don rage lagwani.
- Murfin tukunya na ƙarfe da kwanon yashi, a ajiye kusa saboda ko-ta-kwana.
- Tocila, ko hasken waya.

Mataki na 1: Ki kimtsa kanki kafin ki matso

Ki fara kunna tocila. Wannan ake yawan mantawa, sai a kashe kyandir a shiga lalube cikin duhu, a yi karo da farantin, ruwan kyandir mai zafi ya zube a ƙafa ko a kan kafet.

Sai ki duba jikinki. Ki mayar da gefen hijabi ko mayafi baya, ki naɗe hannun riga idan mai faɗi ne, ki tura gashi cikin ɗankwali. Yawancin yadin hijabi da mayafi na yanzu zaren roba ne, idan ya kama wuta narkewa yake yi ya manne a fata. Idan akwai goyo a bayanki, ki lura da inda hannunsa zai kai lokacin da kika sunkuya.

Ke za ki je wurin kyandir, ba shi za ki ɗauko zuwa wurinki ba. Ɗaukar kyandir yana ci shi ke sa ruwansa ya gangaro a hannu, mutum ya ji zafi ya sake shi ba shiri.

Mataki na 2: Ki duba irin kyandir ɗin

Ga ɗan abin da ya kamata ki sani. Ba lagwani ne ainihin abin da ke ci ba. Zafi ne ke narkar da kakin, lagwani ya tsotso shi sama, ya zama tururi, tururin ne ke kamawa. Idan kin hure, harshen wutar ya tafi amma kan lagwani yana nan ja, yana ci gaba da dafa kakin. Farin hayaƙin nan mai wari da ke cika ɗaki bayan an hure, tururin kaki ne da bai ƙone ba, shi ya sa idan aka kawo ashana mai ci kusa da shi wuta kan bi shi ta koma kan lagwani. To kashewa mai tsafta ita ce wadda ta sanyaya lagwani ko ta toshe masa iska.

Idan kyandir mai faɗi ne ko na cikin gilashi, wanda ruwa ke taruwa a gindin lagwaninsa, ki bi mataki na 3. Idan dogon siririn nan ne fari na kanti, ki tsallake zuwa na 4.

Mataki na 3: Dulmuya lagwani

Wannan ita ce hanyar da na fi so, domin ita kaɗai ce ke barin ɗaki da ƙamshinsa. Ki riƙe kibiya ta can ƙarshenta, ki kai bakinta jikin lagwani daga sama-sama, ki tura shi a hankali har kansa ya nutse cikin ruwan kyandir. Wutar za ta mutu nan take, shiru, hayaƙin ma sai kin lura za ki gani. Kada ki ɓata lokaci, ki saƙalo shi ki ɗago, ki miƙar da shi ya tsaya a tsakiya.

Kuskuren masu koyo guda biyu ne. Na farko, a bar lagwani a kwance cikin ruwan har ya daskare, gobe a zo ana tono da wuƙa, lagwani ya tsinke, kyandir mai tsada ya tashi a banza. Na biyu, a tura shi daga gindi da ƙarfi. Lagwanin da ya ci wuta ba shi da ƙwari, karyewa yake yi, kuma na cikin gilashi yana zaune ne a kan wani ɗan ƙarfe da ke iya gocewa gefe. Idan lagwani ya koma jikin gilashi, gobe wuta za ta riƙa lasar gefe ɗaya har ya fashe.

Idan wani baƙin dunƙule ya faɗo daga kan lagwani cikin ruwan, ki tsamo shi tun da ɗumi. Haka guntun ashana ko fiffiken ƙwaro. Duk abin da ya zauna a ciki yana iya zama lagwani na biyu, wuta ta ninka.

Lagwanin da aka dulmuya yana fitowa a shafe da kaki, shi ya sa yake saurin kamawa idan an zo kunnawa. Kibiyar kuma ta ɗauki zafi, ki ɗora ta a kan faranti, kada ki jefa ta kan gado. Idan kyandir bai daɗe da kunnawa ba, ruwa bai taru ba tukuna, to kifewa za ki yi.

Mataki na 4: Kifewa

Ki riƙe gwangwanin ta mariƙinsa, bakinsa yana kallon ƙasa, ki sauke shi a hankali a kan harshen wutar har ya rufe kan kyandir. Kada ki danna, kan kyandir ya yi laushi, kuma siriri ne, ture shi ba wuya. Ki ƙirga ɗaya zuwa goma a zuci kafin ki ɗaga. Masu gaggawa kan ɗaga bayan ƙirga biyu, iska ta shiga, wuta ta farfaɗo.

Idan cokali ne a hannunki, ki juya cikinsa ƙasa, ki sauke a kan lagwani har ya taɓa shi kaɗan, ki tsaya haka. Idan kyandir ya gajarce, ki kife shi gaba ɗaya da kofin silba a kan farantinsa. Kada ki yi da kofin roba, kada kuma ki yi da kofin gilashi mai sanyi ko mai danshi.

Kyandir mai ƙamshi kan zo da murfi, wasu da shi suke kashewa. Yana kashewa kam, idan murfin ƙarfe ne ko gilashi. Sai dai hayaƙin a ciki yake zama, ya baƙanta gilashin, ya sa wa ƙamshin ƙauri, wani lokaci ma murfin ya kame ya ƙi buɗuwa. Murfin katako ko mai zoben roba kuwa kada ya kusanci wuta. Ni sai na dulmuya lagwani, ya huce, sannan in rufe saboda ƙura.

Mataki na 5: Idan babu komai a kusa sai baki

Hurewa ba laifi ba ce idan an iya. Ki sunkuyo har bakinki ya yi daidai da harshen wutar ta gefe, tazarar taƙi guda. Ki sa tafin hannu a bayan wutar, ya tare tartsatsi da feshin ruwan kyandir. Ki hura gajere, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Wata dabara kuma: ki tsayar da yatsa guda tsakanin bakinki da wutar, iska za ta rabu biyu ta zagaye yatsan ta haɗu a kan wutar, ba tare da ta kwashi ruwan ba.

Kada ki hura ta saitin labule, katifa ko littattafan yara. Kada kuma ki leƙa cikin gilashi ki hura daga sama, iskar dawowa take yi da ruwan kyandir zuwa fuska da ido.

Maza da yawa kan lashi yatsu biyu su matse lagwani. Yana yi idan hannu ya saba, amma ba na koya wa kowa, kuma ba na so a yi a gaban yara, domin gobe za su gwada da busassun yatsu. Harshen kyandir yana kai digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas, wani sashensa ma ya wuce haka. In dai matsewa ake so, a yi da filaya. Fifita da mafici ko girgiza kyandir a iska kuwa, watsa wuta ne kawai.

Mataki na 6: Ki tabbatar ya mutu

A nan aikin yake. Ɓacewar harshen wuta ba ita ce mutuwar kyandir ba. Ki kawar da hasken tocila gefe, ki dubi kan lagwani cikin duhu. Idan kin ga ɗan ja kamar garwashi, ki danne shi da bakin kibiya ko bayan cokali har ya yi baƙi. Ki tsaya har hayaƙi ya yanke gaba ɗaya, wannan bai fi minti guda ba. Tsinken ashanar da kika kunna da shi ma ki soke shi cikin yashi, kada ya tafi kwandon shara da sauran wuta a kansa.

Mataki na 7: Hucewa, gyara da ajiya

Ki bar shi a inda yake. Siririn kyandir mintuna kaɗan sun ishe shi, na gilashi kuwa yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu kafin ya daskare sosai, kuma gindinsa yana riƙe zafi. Kada ki tsoma gilashin a ruwa ko ki sa shi a firji don ya yi sauri, tsagewa zai yi.

Bayan ya huce, ki rage lagwani ya koma kamar milimita 6, wato tsawon ƙwayar shinkafa. Dogon lagwani shi ke kawo doguwar wuta mai rawa, shi ke baƙanta silin da bango, shi ke sa yara su tashi da baƙi-baƙi a hanci. Rage lagwani rabin tsaftar kashewa ne, domin gajeren lagwani ba ya barin garwashi mai yawa.

Kada ki ce sai kyandir ya ƙare ƙarƙaf don kada a yi asara. Na tsaye idan ya rage kamar santimita 5, gaɓa biyu na yatsa, ki sallame shi, sai fa idan cikin yashi yake kuma kina zaune a wurin. Na gilashi idan kakin ya rage kamar santimita 1 a ƙasa, ya gama aiki, domin daga nan zafi kai tsaye gilashi yake dafawa. Kuma kada ya wuce awa 4 yana ci a jere, ki kashe ya huta.

Ki ajiye kyandirori a kwance cikin gwangwani mai murfi. Zafin watan Maris da Afrilu yana lanƙwasa su, lanƙwasasshen kyandir kuwa gefe yake zubar da ruwa, ɓera kuma yana gwaguyarsu. Ashana ta hau can sama inda hannun yaro ba ya kai.

Mataki na 8: Ƙirga

Ki san guda nawa kika kunna. Idan uku ne, sai kin kashe uku da hannunki. Na banɗaki da na kicin su ake mantawa.

Lokaci biyu ne ya fi haɗari. Na farko, lokacin da aka kawo wuta: kowa ya ruga sa caji da kunna talabijin, hasken lantarki ya danne na kyandir har ba a ganin yana ci, fankar da aka bari a kunne ta tashi ta kaɗa labule zuwa kansa. Don haka da an kawo wuta, kyandir ne farkon abin da za ki nufa. Tun wurin kafawa ma ki bar tazarar santimita 30, tsawon rular 'yan makaranta, tsakaninsa da duk abin da ke kamawa, sannan ki yi lissafin inda labule zai kai idan iskar hunturu ta bugo taga. Na biyu, lokacin kwanciya. Kada ki bari sai kin hau gado, ki kashe tun kina tsaye. Idan yaro yana tsoron duhu, a bar masa tocila. Idan ɗalibi zai yi karatun dare da kyandir, a tebur zai zauna, ba cikin gidan sauro ba.

Maganin sauro na fesawa da turaren fesawa duk suna kamawa. Sai kyandir ya mutu sannan a fesa. Fetur kuwa, ki hana maigida da samarin gida zuba shi a janareta da hasken kyandir ko da daga nesa ne, tururinsa yana bin ƙasa ya tarar da wuta. Idan kin ji warin gas, ki kashe kyandir nan take, ki rufe tukunyar gas ɗin, ki buɗe tagogi.

Idan wutar ta wuce lagwani

Yakan faru da na gilashi da kuma ƙananan nan na cikin kokon alminiyam da ake sawa a ƙarƙashin abin ɗumama turare: ki ga duk saman ruwan ya kama, wuta ta yi tsawo. Hannu zai so ya ɗauko buta. Kada ki kuskura. Kakin da ya kama da kansa ya kai wajen digiri 200 ko fiye, ruwa kuwa a 100 yake tafasa. Yana shiga zai zama tururi, girmansa ya ninka kusan sau 1,700, ya watso kaki mai ci a fuska da labule, daidai da abin da ke faruwa idan aka zuba ruwa a man suya da ya kama. Ki zuro murfin tukunya daga gefe ki rufe shi, ki bar shi a rufe har ya huce. Idan babu murfi, ki zuba yashi. Kada ki hura, kada ki ɗauka ki yi waje da gudu.

Idan labule ko takarda ne suka kama, kuma wutar ƙarama ce, babu fetur ko wayar lantarki a wurin, nan ruwa yana aiki, haka jiƙaƙƙen bargo. Amma idan katifar soso ta kama ko hayaƙi ya fara cika ɗaki, ki bar kaya. Hayaƙin soso guba ne. Ki kwashi yara ku fita a duƙe, ki ja ƙofa, ki yi kururuwa maƙwabta su ji, a kira 'yan kwana-kwana. A Najeriya lambar gaggawa 112 ce, a Nijar 18.

Wanda tufarsa ta kama kada ya yi gudu. Ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo mai kauri.

Ƙuna da ɗigon kaki

Idan an ƙone, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana zuba har minti 20, da famfo ko da buta. Ba ƙanƙara ba. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, amma yadin da ya manne a fata kada a ja shi. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, gishiri, manja da baƙin mai da ake shafawa, duk suna ƙara ɓata ciwo ne. A rufe da tsumma mai tsafta, kada a fasa bororo. Ƙunar da ta kai faɗin tafin hannun mai ita, ko ta fuska, ido, hannu ko al'aura, ko ta jikin ƙaramin yaro, asibiti za a nufa ba jira.

Ruwan kyandir da ya ɗiga a tebur ko tayil, kada ki goge shi da ɗumi, shafewa zai yi. Ki bari ya daskare ki kankare da gefen tsohon kati. A jikin atamfa ko zanen gado, ki ɓamɓare abin da ya ɓamɓaru, ki shimfiɗa farar takarda a sama da ƙasa, ki bi da dutsen guga mai ɗan ɗumi, takardar za ta shanye kakin. Ki riƙa canza ta har ta daina yin tabo, sannan ki wanke da sabulu. Wanda ya rage a gindin gilashi kuma kada ki narkar ki tuttula a magudanar wanke-wanke, daskarewa zai yi ya toshe bututu. Ki bari ya sandare, ki ɓamɓaro shi da cokali ki naɗe a takarda.